Rarrafen Uba

Ranar da Rayén ta ɗaga ciki daga ƙasa,
ta tura gwiwa ɗaya, ta bi ta da ɗayar,
Ximena ta dube ni ta ce, "Nibaldo, sauka,
je ka gano mana abin da take gani."

Ni da nake ɗaure kwantena a tashar jirgin ruwan Valparaíso,
ƙato, mai shekara arba'in ba ɗaya,
sai ga ni rub da ciki a tsakar ɗaki,
gemuna na sharar katako.

Ashe gidan da nake biya wa haya
ban taɓa shigarsa ba.
Ƙasa wata unguwa ce daban.
Ƙarƙashin kujera ga maɓallin riga,
ga tsabar peso goma, ga busasshen wake guda,
ga ƙwayar hawan jinin surukata,
fara fat, sai ka ce alewa.
Na ɗora ta a tafin hannu, jikina ya yi sanyi.

Soket na kallona da idanunsa
daidai faɗin ɗan yatsa.
Wayar fitila ta zubo kamar jela
tana cewa a ja ta.
Kusurwar tebur ta gaisa da goshina, ƙwas!
Na ce madalla, gara ni da 'yata.

Gidanmu a kan tudu yake, maƙale kamar sheƙa,
matakala goma sha bakwai daga ƙofa zuwa titi.
Na kafa ƙyaure a bakinsu, na girgiza,
na sake girgizawa.
Ƙasar garin nan ba ta da alkawari,
takan motsa ana tsakiyar shan shayi,
don haka na ɗaure kantar littattafai da bango,
ƙusa huɗu don kanta,
ta biyar don zuciyata.

Surukata Fresia na zaune tana saƙa.
"Bakwai na raina," in ji ta, "ba shinge, ba toshiya."
Ban ce uffan ba, na miƙa mata ƙwayarta.
Ta juya ta, ta sake juyawa,
ta miƙe ta kwashe alluranta ta kai can sama.
Washegari ta zo da bargon ulu,
ja da ruwan ƙwai, ya sha wanki har ya yi laushi,
ta shimfiɗa da hannunta
daidai inda hantsi ke faɗowa.

Nan muka yanka wa Rayén fili.
Madubin roba a gindin bango,
ludayin katako da murfin tukunya,
gorar da muka zuba wa shinkafa muka liƙe bakin,
ƙwallon tsumma da ta fi ƙarfin bakinta.
Ximena ta kwashe rabi.
Ta ce, "A bar mata wurin juyi,
sauran su fito wani makon, su zama baƙi."

Sai muka ajiye mai gidan.
Ta wuce madubi ko kallo,
ta ture ƙwallo da gwiwa,
ta nufi ɗigon rana da ya kwanta a bakin bargo,
ta kai masa mari, ta damƙa,
ta buɗe hannu, wayam.
Ta ƙyalƙyale da dariya, ta sake damƙa.
Can ƙasa jirgi ya yi kuka, buuu,
ta waiga ta ba shi amsa da yarensa.

Cikin dare ƙasa ta ɗan yi miƙa.
Kofuna suka yi ƙwal-ƙwal, karen maƙwabta ya tashi,
kanta tana nan daram.
Na leƙa gadonta a ɗofane,
tana barci, hannun nan a dunƙule
kamar ta samu ta kama wani abu.

Yau da safe na tarar da ita
ta riƙe ƙafar kujera tana gwada tsayuwa.
Ximena ba ta ce komai ba, ta dai dube ni.
Na ajiye kofina.
Na durƙusa, wannan karon a kan gwiwa,
don unguwar ta ƙara taki ɗaya sama.